Wai sarakuna uku a Kano a 2031? Muhawarar gurup ɗin majalisarmu

Ɗan Kwari: Salam jama'a. Jiya na zauna na yi lissafin yadda 2031 za ta zo mana, kuma da gaske nake. Sarakuna uku a Kano, kowa da fadarsa da dogaransa da takardar kotu a hannu. Litar mai dubu biyar. Shinkafa a daina awo da kwano a koma cokali. 'Yan takarar zaɓen shekarar duk su tare a jam'iyya ɗaya a rasa wanda za a kayar. Watan Agusta ruwa ya ci kasuwar Kantin Kwari har sai da kwalekwale za ka shiga layi. Yaron da yake POS a ƙofar shagona ya sayi gida a Nassarawa, ni kuma in sayar da shagon in koma noma. Duk wanda ya ce ɗaya a ciki ba zai yiwu ba ya fito.

Malam na Islamiyya: Wa alaikumus salam. Alhaji ka ji tsoron Allah, gaibu sai Allah. Wannan mugun fata ne kake wa garinmu, kuma baki shi ke yanka wuya. A ce mutum ya tashi da safe bai yi wa gari addu'a ba sai jera masa masifu?

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam ni ba duba na yi ba, ban buga ƙasa ba. Baya na kalla na auna gaba.

Ɗalibin BUK: Malam da girmanka amma Alhaji yana da hujja fa. A ce a 2018 wani ya shigo nan ya ce za a raba masarautar Kano gida biyar a 2019, a sauke Sarki Sanusi a watan Maris 2020 a kai shi jihar Nasarawa, a naɗa Aminu Ado, sannan a Mayun 2024 a rushe dokar a dawo da Sanusi gidan Dabo shi kuma Aminu ya sauka a gidan Nassarawa, gari ɗaya sarki biyu, wallahi cire shi za mu yi daga gurup mu ce ya zautu. To ga shi da idonmu muka gani. Daga biyu zuwa uku ai ba nisa.

Mai Adaidaita: Ni maganar mai ce ta tsaya min. Kafin 29 ga Mayu 2023 ƙasa da naira 200 nake shan lita, ranar aka ce tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo ta haura 500, ƙarshen 2024 ta wuce dubu. In ta ninka sau biyar a ƙasa da shekara biyu me zai hana ta sake? Ni da nake kai balas kullum na san abin da nake faɗa, fasinja ya tsaya yana roƙonka ragin naira hamsin kai ma kana ji kamar ka yi kuka.

Anti Nas: Ni dai ina bayan Malam, amma ba don dalilinsa ba. Irin wannan zancen yana kashe wa mutane zuciya. A asibiti muke ganinsu, magidanci ya zo jininsa ya hau ba ciwon komai sai tunani, ka ce masa shinkafa za ta koma cokali ai ka ƙarasa shi. Kuma Yaya ka haɗa abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba ka dama su wuri ɗaya, cokali fa? Haba.

Ɗan Kwari: Ƙanwata farkon 2023 da aka canza 200 da 500 da 1000, ba da kuɗi muka riƙa sayen kuɗi ba? Kuɗinka na banki, kana layin ATM tun asuba, mai POS ya cire nasa kafin ya miƙo maka guntun naka. Da an faɗa miki haka a 2021 cewa za ki yi haba.

Ɗalibin BUK: Ku tuna 2019 da aka yaɗa cewa goggon biri ya haɗiye miliyan 6.8 a gidan zu, har gwamna ya fito ya ce babu ma goggon biri a wurin. Kafin nan 2018 an ce maciji ya haɗiye miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi. Ƙasar da aka faɗi wannan a bainar jama'a wane hasashe ne ya fi ƙarfinta?

Malam na Islamiyya: Ɗana faruwar abin mamaki jiya ba ta ba ka izinin yanke wa gobe hukunci ba. A 2020 an rufe masallatai, maniyyatanmu ba su je Hajji ba, wa ya hango? Ba kowa. Wannan hujjata ce ba taku ba, abin da zai zo ba ya cikin jerin kowa. Kuma me ya sa jerin Alhaji babu alheri ko ɗaya? In dai komai zai iya faruwa to damina mai albarka ma za ta iya, farashi ya sauko a Dawanau, wuta ta zauna, asibiti ya samu magani. Wannan kuma ba wanda ya rubuta.

Anti Nas: Yawwa Malam. Nan kam ka kama su.

Kawu: Na karanta duka. Na sarakuna da na jam'iyya ku bar su, ba mu muka ƙulla ba ba mu za mu kwance ba, ko za ku kwana kuna musu. Amma na ruwa kar wanda ya sa shi a sahun shirme. Ina da wayona a 1988 lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle. A Satumban 2024 na Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri cikin dare, har namun gidan zu suka fito gari, fursunoni suka gudu, kuma a 1994 ya taɓa yi musu haka, shekara talatin tsakani ba a ɗauki darasi ba. Mu nan kududdufan da suke shanye ruwan cikin gari tun muna yara an cike su an yi shaguna da gidaje a kai, kwatoci sun toshe da ledar fiya wata, to ruwan ina zai bi? Ba gaibu ba ne wannan Malam, duk wanda ya leƙa kwatar layinmu ya gani.

Ɗan Kwari: Allah ya saka Kawu. Shekarar da ruwa ya shigo mana kasuwa da hannuna na kwance dilar shadda tana ɗiga, muka shanya a saman bene, rini ya hau kan rini, kayan bashi ne kuma mai kaya bai rage min ko sisi ba. Shi ya sa da na rubuta kwalekwale ba dariya nake ba.

Malam na Islamiyya: Na ruwa na yarda, ɗaukar mataki ba ya karo da tawakkali, ɗaure raƙuminka aka ce. Sauran jerin kuwa har yanzu ina nan a kan bakana, Alhaji ka goge.

Ɗan Kwari: Malam ka yi haƙuri ba zan goge ba. A bar shi a nan, in Allah ya kai mu 2031 da rai sai a buɗe a gani.

Mai Adaidaita: To Asabar bayan asuba a fito gayyar yashe kwata, ni zan kawo shebur biyu da baro. Ɗan BUK kai ma ka fito, ba a waya kaɗai ba.

Ɗalibin BUK: Zan zo in sha Allah. Amma maganar sarki na uku ban janye ba.

Anti Nas: Ku sa takalmin roba da safar hannu don Allah, akwai fasassun kwalabe a ciki, wanda ya yanke kuma ya neme ni kafin ya shafa wani abu.