Hannuna na sagewa a kan R6, me kuka yi ya daina muku?

Mai R6, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida na yi ina acaba da mashin Boxer tsakanin Agege da Ikeja a Legas, har ranar 1 ga Yuni 2022 da aka tsaurara hana acaba a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi biyar. Na koma sayar da kayan waya, Allah ya rufa asiri, bana na sayi babban mashin Yamaha R6 na hannu. Sati uku ke nan ina hawa, amma jikina ya ƙi karɓarsa. Idan na tashi daga Agege zuwa Obalende, kafin in sauka daga gadar Third Mainland ƙaramin yatsana na dama da wanda ke kusa da shi sun sage, wuyan hannu kamar an daka shi a turmi, wuya kuma ya ƙage. Jiya sai da na tsaya ina yarfa hannu kafin in iya zare makulli. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya yi, don har na fara tunanin sayar da shi.

Mai CBR600RR, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka sayar. Ni ma daga acaba na fito, kuma abin da ke damunka shi ya dame ni wata biyu cur.

Boxer zaman kujera ake yi masa. Kansa yana sama, matakin ƙafa yana ƙarƙashinka, nauyinka duk yana kan mazaunai. R6 kuwa an ƙera shi ne don filin tsere. Sirdinsa ya kai milimita 850 daga ƙasa, mariƙinsa yana can ƙasa a jikin ƙafafun gaba, matakan an ja su baya an ɗaga. Dole ka sunkuya. To idan ka sunkuya ba abin da ya riƙe ka daga ƙugu zuwa ƙasa, ina nauyin zai tafi? Kan tafin hannu. Akwai jijiya da ta bi ta gefen tafin hannu, ita ke kula da ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Ita kake dannewa a kan mariƙi tun daga Oworonshoki har Adeniji Adele, wato daga farkon gadar Third Mainland har ƙarshenta, shi ya sa waɗannan yatsun biyu ne suke mutuwa ba sauran ba.

Ga abin da wani dattijo ya sa ni na yi a ƙofar shagonsa, mashin a kashe, yara biyu sun riƙe shi. Ya ce in hau in zauna yadda na saba, na zauna. Ya ce saki kan. Ina saki na tafi gaba, haɓata ta kusa dukan tanki. Ya ce to ka gani, hannunka ne ke ɗauke da kai. Sai ya sa na ja baya kaɗan, tsakanina da tanki kamar faɗin dunƙulen hannu, na taka matakan da gaban tafin ƙafa, na matse tanki da gwiwoyi, na ɗaure ciki. Ya ce sake saki. Na saki, na tsaya cak a sunkuye, hannuwa a iska. Minti ɗaya ban cika ba cinyoyina suka fara rawa. Ya ce nan ne ya kamata ya yi maka ciwo.

Tun ranar nake riƙe kan mashin kamar mai riƙe da ɗan tsako, ba zai kuɓuce ba, ba kuma zan murƙushe shi ba. Gwiwar hannu a lanƙwashe kullum. A kan hanya nakan gwada kaina, in motsa gwiwoyin hannu sama da ƙasa. Idan sun ƙi motsi, na san na koma tsohuwar ɗabi'a.

Kuma wannan ya wuce maganar ciwo. Gadar nan tsawonta kilomita 11.8, cike take da mahaɗan ƙarfe. Duk sanda tayar gaba ta taka ɗaya, kan mashin yakan ɗan girgiza ya daidaita kansa da kansa. Idan hannunka a sandare yake, ka hana shi, girgizar ta bi hannunka ta shiga jikinka ta koma cikin mashin gaba ɗaya. Haka nan iskar da ke tasowa daga ruwa, ta bugi ƙirjinka, kai kuma ka mayar da ita kan sitiyari ba ka sani ba.

Mai Ninja 400, Mile 12:

Abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne. Ƙari ɗaya, duba hannun birki da na kulochi. Da yawa za ka same su a ɗage suna kallon gaba, sai ka karya wuyan hannu sama kafin yatsu su kai. Hau mashin, miƙa yatsunka a kansu. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu ya zama layi ɗaya. In ba haka ba ne, bakanike ya sassauta kusoshi biyun da suka riƙe su, ya sunkuyar da su kaɗan, ya ɗaure, sannan a juya kan hagu da dama a tabbatar ba abin da yake taɓawa. Aikin minti biyar ne, ni rabin ciwona nan ya tafi.

Sai robar da ake mannawa a gefen tanki. Ranar Juma'a da na hau da wandon shadda na gane amfaninta, ina taka birki ina sulalewa gaba kamar an shafa wa tankin mai.

Mai kai saƙo, Ketu:

Yaya na Idi-Araba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ni wuni nake yi a kan titi, ranar hutu kuma ina hawan Yamaha R3 na maigidana. Matse tanki daga Ketu har Yaba a cikin gosulon titin Ikorodu, ba cinyar da za ta iya. Ga zafin inji yana gasa ƙafa, ga danfo, bas ɗin haya na Legas, yana yanko maka ba sigina. A irin wannan wurin ni matsowa nake yi gaba dab da tanki, in miƙe zaune iya yadda hannu zai bari, kai a sama ina hango mota uku zuwa huɗu a gabana. Giya ɗaya, kulochi rabi, birkin baya nake ɗan takawa. Idan na ja baya na kwanta a cunkoso, ba na ganin komai sai bayan motar da ke gabana.

Mai CBR600RR, Idi-Araba:

Ka yi gaskiya, ban fayyace ba. A tafiya ta yau da kullum gwiwa tana jingine da tanki ne kawai. Matsewa da ƙarfi sai lokacin birki, ko rami, ko shiga kwana. Lokacin birki ya fi muhimmanci, don mafi yawan tsayuwar irin wannan mashin daga birkin gaba take, nauyi duk ya taho gaba. Gwiwa ta riga yatsu kamawa.

Mai GSX-R750, Ajah:

Bari in ba ku nawa, don ni sai da na zubar da jini na koya.

Ina yawan kallon MotoGP, gasar tseren mashin ta duniya, ina ganin Marc Marquez yana kwanciya har gwiwar hannunsa na shafar kwalta. Na ƙwallafa rai sai gwiwata ta taɓa ƙasa. Wata Lahadi da sassafe muka nufi Epe mu huɗu. Muka zo wata kwana ta dama da na sani sarai. Na zame mazaunaina gaba ɗaya daga sirdi, na buɗe gwiwa, amma kaina da kafaɗuna suna nan tsakiya a kan tanki. Wato ƙasa ya fita, sama ya ƙi bi. Mai irin wannan zaman tura mashin yake yi ƙarƙashinsa, sai mashin ya kwanta fiye da yadda gudun yake bukata. Ga ƙafata a zaman acaba, tsakiyar tafi a kan mataki, yatsu sun leƙo waje suna kallon ƙasa.

Ana tsakiyar kwana na hangi yashin da ruwan daren jiya ya zubo bakin titi. Idona ya kafe a kansa. Akwai fili mai tsabta a gefe, faɗinsa ya isa mota, amma ban kalle shi ba. Kan takalmina ya kama kwalta, ƙafar ta fizge baya, na razana na damƙe kan, mashin ya miƙe ya tafi daidai inda nake kallo. Abin da na tuna bayan nan shi ne ƙarar hular kwano tana gurzar ƙasa, da ƙurar da ta cika mini baki. Ƙashin wuyana na dama ya karye, wata biyu ban ɗaga hannu ba. Jaket da safar hannu su suka ceci fatata.

Da na warke na koma daga farko. Yanzu kafin kwana nake gama komai, birki, giya, gyara zama. Rabin mazauni kawai nake zamewa, sau da yawa ma ba na zamewa. Abin da nake kaiwa ciki shi ne kai da ƙirji, haɓata ta nufi madubin ɓangaren da zan juya, gwiwar hannun ciki a sake, gwiwar waje ta kama tanki. Ido yana can inda kwanar ta ƙare. Juyawar kanta kuwa da tura mariƙi ake yi, in za ka dama ka ɗan tura na dama gaba, mashin ya kwanta da kansa. Duk mai hawa yana yin haka ko bai lura ba, amma hannun da ke ɗauke da nauyin mutum ba ya iya yin shi da laushi.

Jan gwiwa a ƙasa Kenny Roberts ɗan Amurka ne ya yaɗa shi, wanda ya ci gasar duniya a 1978 da 1979 da 1980. A filin tsere ya yi, inda babu tifar yashi, babu mai tsallaka titi da tire a ka. Ina roƙon ƙannenmu, kada wanda ya nemi wannan a hanyar Lekki zuwa Epe.

Mai Ninja 400, Mile 12:

Allah ya ƙara kiyayewa, Malam. Na tuna wani abu, masu goyo. Sirdin baya ya fi na gaba tudu, kana taka birki mutum ya zubo maka a baya, nauyinku biyu ya sauka a wuyan hannunka. Ni nakan ce wa ƙanena ya zagayo da hannu ya dafa tanki idan ya ji zan tsaya, ya kuma matse ni da gwiwa.

Mai R6, Agege:

Na dawo bayan kwana goma, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin sakin hannu a ƙofar gida, na tafi gaba kamar yadda Yaya ya faɗa. An sunkuyar mini da hannun birki da na kulochi, na manna roba a tanki. Kwana huɗun farko cinyoyi da ƙasan baya suka yi tsami, har ruku'u sai a hankali. Yanzu ya lafa. Shekaranjiya na je Obalende na dawo, yatsun ba su sage ba, sai da na shiga gosulon Oshodi na ji na fara dannawa, na matso gaba na miƙe kamar yadda ɗan'uwa na Ketu ya ce.

Saura wuya. Har yanzu yana ƙagewa idan na wuce minti arba'in, kuma na lura ɗaga kai nake yi sosai don in ga gaba, saboda bakin hular kwanona yana tare mini sama. Wa ya taɓa canza hula ya ga bambanci?