Kayan gilas ɗin kakarmu, ya zan gane shekarunsu?

Mai tambaya: Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Kakarmu ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta, to da aka zo rabo kowa ya kwashi abin da yake so aka bar min kwali biyu na kayan gilas saboda wai ni ce mai son tarkace, yanzu kuma gwaggona da ta ce ba ta so ta dawo tana cewa ai kayan tsada ne a dawo da su a sake rabo, alhali wata takwas suna ɗakina ko leƙe ba ta yi ba. Akwai kofuna 11 masu kauri, farantai ruwan hoda masu zanen fulawa, kwano ɗaya kore, sai wani jug mai nauyi sosai. A gindin kofunan akwai rubutu da lamba 38. Na 1938 ne kenan? Ni dai ina so in san me nake riƙe da shi kafin a zauna.

Uwar Biyu: Allah Ya gafarta mata. Tabbas shekara ce, ki riƙe abinki da kyau. Ni nawa ma matar yayana ce ta kwashe ta ba yara suna wasan ƙasa da su, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Tsohon Hannu: A'a Hajiya, ba shekara ba ce. Ƙanwata me rubutun ya ce? In Duralex ne na Faransa, wannan lambar mazubin da aka zuba kofin ce, kuma sunan Duralex sai 1945 ya fito, ta ina za a samu na 1938? Farantan hoda kuwa ba sai na gani ba, irin waɗanda Amurka ta riƙa bugawa da inji ne lokacin karayar tattalin arziki, daga 1929 zuwa ƙarshen shekarun 1930. Ki shafa gefe za ki ji siririn layin haɗi, ki ɗaga wa haske za ki ga 'yan ƙwayoyin iska a ciki. Ki duba tambari: F cikin garkuwa kamfanin Federal Glass ne, H a kan A Hazel-Atlas. Koren kuma ki samu tocilar duba jabun kuɗi ki haska shi cikin duhu, in ya yi walƙiya kore shar akwai yuraniyom a ciki, ma'adinin nan da ake makamashin nukiliya da shi.

Mai tambaya: Eh Duralex ne. Amma farantan babu tambarin komai. Jug ɗin ne ke da sitika, na cire da na wanke.

Tsohon Hannu: Kin cire?! Ai nan amsar take. In Czechoslovakia aka rubuta, tsakanin 1918 da 1992 ne, in West Germany ne bai wuce 1990 ba.

Mai tambaya: To Yaya ƙura ce da kashin kyankyaso, in bar su haka? Kuma sitikar ta riga ta koɗe, ruwan gwal ce dai kawai na tuna.

'Yar Gwanjo: Ni fa ban yarda da maganar ba sai na gani ba. Tun shekarun 1970 ake sake buga irin zanen nan, sababbin ma suna da layin haɗi. Sai an ga zanen an gwada da na asali, da faɗin farantin. Jug ɗin ki shafa zanen, in kaifi ne yankawa aka yi, in sulɓi ne zubi ne. Ki ɗan ƙwanƙwasa, in ya yi ƙara mai tsawo wataƙila kiristal ne mai dalma, kar ki riƙa ajiye abin sha a ciki.

Tsohon Hannu: Shekara nawa ina harkar nan, na ce na asali ne.

Uwar Biyu: Yuraniyom kuma? Wlh ki fitar da koren nan daga gida. Gwaggon taki dai halinsu ɗaya da matar yayana.

'Yar Gwanjo: Ba sai ta yar ba, ta ajiye shi ado kawai. Ki turo hoton gindin farantin mu gani, 'yar'uwa.

Mai tambaya: Kamarar wayata ba ta ɗaukar zanen, haske ne kawai ke fitowa. Kuma ni ban ga laifin wanke kayana ba. Gwaggon ta sake kira yanzu ma, ban ɗauka ba.