Ciwo ne ya ɓata wannan ƙashin, ko ƙasa ce ta ci shi?

Ɗalibar Tono:
Assalamu alaikum. Ina tantance ƙasusuwan dabbobi da aka tono a wani kufai, sai ga dogon ƙashin ƙafar baya na wani bijimi, wanda ke sama da kofato. Ƙarshensa na ƙasa ya baje, bakin gaɓar ya yi tsiro, wani wuri kuma yana sheƙi kamar hauren giwa. A jikinsa akwai 'yan zane-zane masu lanƙwasa. Zan iya rubuta cewa san huɗa ne?

Malamin Ƙasusuwa:
Wa alaikumus salam. Abu biyu kika haɗa, 'yata. Zanen nan mai lanƙwasa aikin saiwar itace ne bayan dabbar ta mutu, kada ki sa shi cikin ciwo. Da ɓera ne ya gwaguya, layuka za ki gani a jere. Sheƙin kuwa ƙasa ba ta yin sa. Guringuntsi ne ya cinye, ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, dabbar tana tafiya a haka da ranta. Masana cututtukan ƙasusuwan dabbobi Baker da Brothwell, tun 1980, sun ce sai an ga uku cikin alamomi huɗu kafin a kira shi amosanin gaɓɓai: sheƙi, kwarmi a fuskar gaɓa, faɗaɗar fuskar, da tsiro. Naki ya cika uku.

Likitan Dabbobi:
Malam ya gama magana kan ciwon, amma batun huɗa ki dakata. Tsufa kaɗai yana kawo haka, nauyin jiki ma haka, musamman ga manyan bijimai. Mu da ke duba masu rai muna ganin irinsa a dabbar da ba ta taɓa jan garma ba.

Malamin Ƙasusuwa:
Haka ne, Likita. Shi ya sa masanin ƙasusuwan dabbobi Bartosiewicz da abokansa suka nazarci ƙasusuwan shanun aiki na Romaniya a 1997, don a samu abin kwatantawa. Ki ware duk ƙananan ƙasusuwan yatsu na wurin, ki auna girmansu, ki ƙidaya nawa ke da irin wannan bajewar. In ta yawaita, to kin fara samun hujja. Ƙashi ɗaya kam ba ya kai ki kotu.

Ɗalibar Tono:
Na gode, Malam. In goge ƙasar da ta maƙale a gaɓar?

Malamin Ƙasusuwa:
Da buroshi mai laushi kawai, bayan kin ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Ƙarfe kada ya taɓa wurin sheƙin.