Neman kalmar Hausa: filash ɗin da ake tayar da kwamfuta da shi

Malamar Kwamfuta, Zariya:
Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan koyar da wasu matasa yadda ake sauya babbar manhajar kwamfuta, kuma dole ne in kai takardar darasin wurin bugawa kafin azahar ɗin Juma'a. Yawancinsu tsofaffin kwamfutoci ne da su masu Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa daga cikin injinan ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka Linux Mint za mu sa musu. Na fassara kusan komai, sai abu ɗaya ya tsaya mini, wato abin da Turawa ke kira "bootable USB drive". Da farko na rubuta "filashin girkawa", wato na sa manhaja a kwamfuta, amma raina bai kwanta da shi ba. Ina neman shawararku.

Mai Gyara, Titin Beirut, Kano:
Wa alaikumus salam, Malama. A wurin sana'armu abin da muke cewa shi ne "filash na butin", kuma duk yaron shagon da aka aika ya ɗauko shi ba ya kuskure. Amma ina ba ki shawara kada ki tsaya a kan "girkawa", domin aikin wannan filash ya wuce nan. Sau da yawa ana kawo mini kwamfutar da ta ƙi tashi, in soka filash mai Linux, in tashe ta daga gare shi, in kwashe wa mai ita takardunsa da hotunansa, in zare ba tare da na sa mata komai ba. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kwamfuta tana iya tashi daga cikinsa ko da ma'ajiyarta ta ciki ta lalace ko babu komai a kanta. Idan sunan bai nuna wannan ba, ɗalibanki za su kwafi fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da babbar manhajar, su zuba a filash kamar yadda suke zuba waƙa, su kunna kwamfuta, su ga shiru. Wannan kuskuren nakan gan shi kusan kowane mako.

Ɗalibin Nazarin Harshe:
Bayanin Malam Mai Gyara ya nuna mana inda tushen yake, wato fi'ilin "tashi" da ɗan'uwansa "tayar da". Bahaushe ya riga ya ce mota ta tashi, an tayar da inji, janareta ya ƙi tashi, don haka ba mu da buƙatar bin asalin kalmar Ingilishi ta "boot", wadda ta samo tushe daga maɗaurin takalmi kuma ba za ta ba Bahaushe wata ma'ana ba. Larabawa ma "iƙla'i" suke cewa, kalmar da suke amfani da ita ga tashin jirgi. Matsalar ita ce idan muka nemi gina sunan kayan aiki a kan ƙirar mabuɗi da magogi da masassabi, za mu faɗa kan "matashi", wanda ya riga ya zama na saurayi da na abin tada kai, "matashiya" kuma tana nufin tunatarwa. "Makunni" ma yana da mai shi, shi ne abin kunna wutar lantarki. Saboda haka ina ganin jimla ce za ta fisshe mu, ba kalma ɗaya ba.

Dattijon Fassara:
Ban yarda cewa babu kalma ɗaya ba. Tana nan, mu ne muka manta da ita. Kafin ashana ta zo ƙasar Hausa, da ƙyastu ake samar da wuta: ɗan ƙarfe ne da mutum ke ɗauka a jaka, ya buga shi a kan ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan auduga, wuta ta kama inda babu garwashi ko ɗaya. Ku dubi wannan abu da kuke magana a kai. Ƙarami ne, ana yawo da shi a aljihu, kuma shi ke kawo rai ga injin da ba shi da komai a ciki. Ina ba da shawarar "ƙyastun kwamfuta". Kalma ce tamu ta asali, tana cikin ƙamusun Bargery na 1934, kuma tana da hoto a cikinta wanda "filash na butin" ba shi da shi. Wannan "butin" ɗin, da girmamawa ga Malam Mai Gyara, ba Hausa ba ce kuma ba Ingilishi ba ce, kuma abin takaici ne a ce ita za mu buga a takarda mu miƙa wa yara.

Mai Gyara, Titin Beirut, Kano:
Ranka ya daɗe, ban ce a buga ta ba, na faɗi abin da ake faɗa ne. Amma idan ɗalibin Malama ya zo kasuwa ya ce a sayar masa da ƙyastu, babu wanda zai gane bukatarsa, kuma shi kansa mai shekara 18 bai taɓa ganin ƙyastu ba. Za a bayyana masa baƙon abu da wani baƙon abu ke nan.

Dattijon Fassara:
To wa ya taɓa ganin jirgi a sama kafin a ce "jirgin sama"? Magabatanmu sun ɗauki sunan abin da ke tafiya a kan ruwa suka ba na ƙasa da na sama, kuma ya zauna daram. Da sun bi ra'ayin kasuwa da yau wani abu dabam muke faɗa. Shekara da shekaru na yi ina fassara labarai, na ga yadda "yanar gizo" ta shiga bakin mutane saboda gidajen rediyo sun nace a kanta. Kalma ba ta zama sananniya sai wani ya yi ƙarfin halin fara rubuta ta. Idan masu ilimi suka riƙa jiran abin da yaran shago za su ce, nan da shekara hamsin rabin Hausar fasaha za ta zama Ingilishi da aka lanƙwasa.

Ɗalibin Nazarin Harshe:
Baba, hujjarka tana da ƙarfi, amma akwai bambanci. Lokacin da aka ce "jirgin sama", kowa ya san jirgin ruwa, kalmar tana raye. Ƙyastu kuwa ya bar hannun mutane, kuma abin da ya kore shi, wato ashana, sunanta ma daga Yarbanci muka aro shi, ba wanda ya ce Hausa ta ragu da hakan. Haka "na'ura" da "manhaja" da muke taƙama da su daga Larabci suke. Sannan "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta daɗe a rediyo, amma mai saye da mai sayarwa "kwamfuta" suke cewa har gobe. Akwai kuma matsala ta aiki: idan filash ɗin ƙyastu ne, me za mu kira jerin zaɓin da ke fitowa idan an danna F12 a Dell ko F9 a HP lokacin kunna kwamfuta? Da "tashi" muna iya cewa jerin zaɓin tashi, tsarin tashi, ta tashi daga filash, ta ƙi tashi. Da ƙyastu kalma ɗaya muka samu, sauran darasin ya rage babu abin riƙewa.

Badamagare:
Gaisuwa ga malamai. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma kowa yana magana kamar "filash" ita ce kalmar duk Hausawa. A Damagaram da Maraɗi da Yamai ba haka muke cewa ba, "kile" muke cewa, daga Faransanci, inda ake kiran abin mabuɗin USB. Duk lokacin da aka zauna daidaita kalma, Hausar Kano da Ingilishin Najeriya ake ɗauka a matsayin ma'auni, mu kuma a ce mu bi. Ina ganin a wannan karon Faransanci ya fi dacewa da Hausa, domin direba da mabuɗi yake tayar da mota. Me zai hana a ce "mabuɗin tayarwa"?

Dattijon Fassara:
Wannan ya fi "butin" nesa ba kusa ba, ko da yake fassarar Faransanci ce aka sa wa riga. Amma kokenka a kan Kano ba a wurina yake ba, domin ƙyastu na Damagaram ne kamar yadda yake na Katsina da Sakkwato, shi ya sa ma na kawo shi.

Mai Gyara, Titin Beirut, Kano:
Malam Badamagare, maganarka gaskiya ce game da "kile", ban san da ita ba sai da wasu abokan ciniki daga Maraɗi suka faɗa mini. Sai dai "mabuɗi" zai rikita mu a nan, saboda lambar lasisin Windows mai haruffa 25 ita ma mabuɗi ake kiranta, kuma wasu na kiran kalmar sirri da haka. Mai koyo zai ji mabuɗi uku a darasi ɗaya.

Malamar Kwamfuta, Zariya:
Na gode ƙwarai, amma lokaci yana tafiya, don haka bari in faɗi inda na tsaya. Na karɓi gyaran Malam Mai Gyara, na cire "girkawa" daga sunan. Na kuma lura da wani abu da ban gani ba da farko: idan na rubuta "filashin tayarwa", kunnen ɗalibi zai ji "filashin" ɗin waya, wato kiran da ake yi a katse, ko kuma filashin da masu gyara ke yi wa waya. Don haka zan bar kalmar a tsaye in ce "filash mai tayar da kwamfuta", bayan ambato na farko kuma "filash mai tayarwa". Ga yadda sakin layin ya zama, ku duba mini:

"Ka nemi filash wanda bai gaza gigabait 8 ba, ka kwashe duk abin da ke cikinsa, domin wannan aiki zai goge shi baki ɗaya. Ka sauke fayil ɗin ISO na babbar manhajar da kake so. Kwafa shi cikin filash kawai ba ya wadatarwa; sai ka buɗe Rufus ko balenaEtcher, ka zaɓi fayil ɗin, ka zaɓi filash ɗin, ka bar manhajar ta rubuta shi ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga gare shi. Daga nan ya zama filash mai tayarwa."

A ƙasan shafin zan rubuta cewa a kasuwa ana ce masa filash na butin, a Nijar kuma kile ake kiran filash, domin ɗalibi ya san abin da zai tambaya.

Ɗalibin Nazarin Harshe:
Ya yi kyau, Malama, musamman da kika ce "rubuta" maimakon "ƙona" da wasu ke ɗaukowa daga zamanin faifan CD. Saura fi'ilin sa manhajar a kan kwamfuta. "Girka" tana da kyau domin ana girka tukunya a murhu, amma wasu za su tuna girkar bori. Ni "ɗora" nake ji a bakin mutane.

Badamagare:
Mu "sa" kawai muke cewa, kuma ba ta taɓa rikita kowa ba. Na gode da aka sa kile a ƙasan shafi, ko da yake na so a ce tana cikin darasin kansa.

Dattijon Fassara:
"Filash mai tayar da kwamfuta" kalma biyar ce a wurin da ɗaya za ta isa, kuma biyu daga cikinsu aro ne. Amma Hausa ce mai tsabta a gininta, ba zan ce a'a ba, tunda darasi na jibi ne. Roƙona ɗaya, 'yata: idan kin zo bayani da baki a aji, ki ba su misalin ƙyastu, ki ga ko za su riƙe shi. A kan "girka" kuma ban sauka ba, ita ce daidai, bori bai mallake ta ba.

Malamar Kwamfuta, Zariya:
Zan ba su misalin, Baba, in sha Allahu, kuma zan dawo in faɗa muku yadda suka karɓe shi. A takardar dai na bar "ɗora" a wuri huɗu da "girka" a taken darasin, domin mai bugawa ya riga ya kira ni sau biyu.