Muhawara: Kasuwar Kano ce ta kayar da Shoprite, ko kuwa tattalin arziki?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Ina so in ajiye wata magana a gabanku domin mu tattauna, duk da na san wasu ba za su yarda da ni ba. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu, mai manyan kantunan sayar da abinci da kayan masarufi, ya buɗe kantinsa na farko a Najeriya a birnin Legas a ƙarshen 2005, daga nan ya bazu zuwa Enugu da Abuja da Ilorin da Ibadan, kafin ya iso Kano a 2014, inda ya kama wuri a Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zoo. A watan Janairun 2024 aka rufe wannan reshe, bai ko cika shekara goma ba, kuma masu kantin sun ɗora laifin a kan halin tattalin arziki da tsadar gudanar da kasuwanci. Ra'ayina shi ne wannan dalili bai isa ba. Waɗanda suka tsara shigowa Kano sun yi lissafin yawan jama'ar garin, amma ba su yi lissafin yadda jama'ar suke cefane ba. Hujjata kuwa tana kan titi ɗaya da su: babban kantin Sahad, na 'yan ƙasa, yana nan a buɗe, alhali nairar da ta faɗi wa Shoprite ita ce ta faɗi wa Sahad.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa nake cewa ka fara labarin daga ƙarshensa. Tun a watan Agustan 2020 uwar kamfanin ta sanar da niyyarta ta janye hannu daga Najeriya baki ɗaya, kuma a 2021 ta sayar da kantunanta fiye da ashirin ga kamfanin Ketron na 'yan ƙasa, wanda ya ci gaba da amfani da sunan. A kusan wannan lokaci ta fice daga Kenya da Uganda, ƙasashen da ba su san Singer, kasuwar sarin kayan masarufi ta Kano, ba balle a ce ita ta kore ta. Abin da ya dame ta shi ne tana sayarwa da kuɗin gida da ke zubewa kullum, alhali kuɗin haya a irin waɗannan manyan gine-gine sau da yawa da dala ake ƙulla shi. Ga dokar Babban Banki ta 2015 da ta hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya iri 41, ga rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Sai kuma 2023, lokacin da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 kuma ta haura naira 1,000 a hannun 'yan canjin Wapa kafin shekarar ta ƙare. Idan har al'adar Kanawa ce matsalar, me ya rufe reshen Wuse a nan Abuja a cikin 2024, garin da ya cika da masu albashi da suka saba da tura keken kaya tsakanin kantoci?

Hajiya Rabi: Ni ba ni da ilimin dala kamar Injiniya, amma shekara ashirin da wani abu ke nan ina riƙe da cefanen gida mai mutum goma sha ɗaya, saboda haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Idan wata ya ƙare maigida yakan tafi Singer ya yo sarin katan na taliya da sabulu da madara da jarkar mai. Shinkafa da wake da gero a buhu muke saye ko a kwano, daga hannun mutumin da muka sani shekara da shekaru. Tumatir da attaruhu da albasa kuwa 'Yankaba ake zuwa idan za a yi da yawa, in kuma na yau ne kawai sai a aiki yaro bakin titi. Nama yana wurin mahaucin unguwa, wanda ya san yadda nake son a yanka mini, yana kuma ɗora mini gyara ba tare da na roƙa ba. To, a cikin wannan jeri duka ina gurbin Shoprite?

Mun je, ba sau ɗaya ba, musamman a bikin sallah. Yara suna son wurin saboda sanyi da haske da faɗi, ni ma ina son burodinsu, wanda ake bin dogon layi a jira fitowarsa da zafi. Amma na sha tsayawa a layin biyan kuɗi ina duba kwandunan mutanen da ke gabana, sai in ga burodi biyu da lemon kwali ɗaya da ɗan biskit, alhali iyalin da suka shigo sun kai mutum bakwai. Wurin ya cika maƙil, sai dai yawancinmu yawon buɗe ido muka je, cefanen gaske mun riga mun yi shi a wani wuri. Saboda haka ina bayan Malam Sani.

Alhaji Ɗanlami: Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ta faɗi abin da mu 'yan kasuwa muka daɗe da sani. Ni a Singer nake tun ina yaron shago, kuma ina so in bayyana dalilin da ya sa katan ɗinmu yake da wuyar dokewa. Manyan dilolin kamfanonin sukari da fulawa da taliya da sabulu a cikin kasuwar nan suke, tirela daga masana'anta take sauke musu kai tsaye, ribar da muke ɗorawa a kan katan kuma 'yar kaɗan ce domin yawan fita muke nema. Ba mu kunna na'urar sanyaya wuri, ba mu da ɗakunan sanyi da za su sha gas dare da rana idan an ɗauke wuta. Bayan haka akwai bashi. Mai tireda a unguwa yana ɗaukar kaya a wurina ya biya bayan sati biyu, shi ma yana da littafin da yake rubuta magidantan da za su biya shi idan an yi albashi. Babu babban kantin da zai buɗe wa malamin firamare irin wannan littafi, kuma a shekarun nan da shi gidaje da yawa suke kai wata.

Sai dai, Malam Sani, akwai inda zan saɓa maka. Ka ce Kano ba ta karɓi tsarin ba, amma ai Sahad da Jifatu da ire-irensu su ma manyan kantuna ne, farashi a rubuce, babu tayi babu albarka, kuma mutane suna cika su. Bambancin yana cikin kayan da aka jera. Sahad daga Mandawari ya taso, a cikin gari, ya san cewa Bakano yana kashe kuɗinsa mai nauyi ne a atamfa da shadda da leshi da kayan ɗaki da akwatunan lefe, sai ya haɗa waɗannan da kayan masarufi a ƙarƙashin rufi ɗaya. Uwar amarya guda da ta shigo haɗa kayan kicin ta fi masu burodi hamsin ajiye kuɗi. Shi kuwa Shoprite ƙarfinsa a abinci yake, abinci kuma Kano tana da arharsa, garin da babbar kasuwar hatsi ta Dawanau take.

Malama Zainab: Ina jin maganganun iyayena da yayyena, amma raina bai kwanta da yadda ake nuna kamar babu abin da muka rasa ba. Ni ma'aikaciya ce, ina tashi aiki da yamma, ba ni da lokacin kutsawa cikin Singer ko Sabon Gari, ba ni kuma da bakin ciniki. A babban kanti farashin da aka rubuta wa mai babbar riga shi ne aka rubuta mini, ana ba ni rasit, ina kuma iya juya gwangwani in karanta ranar da zai lalace ba tare da wani ya tsaya a kaina ba. Na taɓa sayen madarar jarirai a wani shago da ba zan ambata ba, sai da na je gida na lura an kankare kwanan watan da ke gindin gwangwanin, da na mayar kuma mai shagon ya rantse ba a wurinsa na saya ba, ni kuwa ba ni da takardar da zan nuna. Wanda irin wannan bai taɓa samunsa ba ba zai san darajar rasit ba. Ga kuma matasa maza da mata da suke aiki a wurin, da masu kai musu ƙwai da kaji da ganye, waɗanda rufewar ta shafi abincinsu kai tsaye.

Malam Sani: Malama, wallahi ba murna nake yi ba, kuma abin da ya same ki ya isa hujja a kan gyaran da kasuwanninmu suke buƙata. Na kuma karɓi gyaran Alhaji: ba tsarin babban kanti Kano ta ƙi ba, na yi gaggawa a wannan. Amma Injiniya, misalinka na Wuse yana iya zama nawa. A Abuja ma Sahad yana da rassa, ga H-Medix da sauran kantunan 'yan ƙasa da suka shiga unguwanni, kusa da gidajen mutane. Lokacin da kuɗin mota ya ninka, wanda zai hau Adaidaita Sahu daga Kurna ko Rijiyar Zaki zuwa titin Gidan Zoo domin ya sayi sukari sai ya sake tunani. Matsin tattalin arziki ya sauka a kan kowa, na yarda, amma wanda ya fara durƙusawa shi ne wanda mutane suke iya haƙura da shi, kuma wannan shi ne abin da nake nufi tun farko.

Injiniya Bashir: Mun matso kusa, Malam, amma ban sauka daga matsayina ba. Kantin da ke da gidan burodi da mahauta da ɗakunan sanyi a fili mai faɗin gaske ba a auna shi da mai sayar da atamfa, domin atamfa ba ta ruɓewa idan janareta ya tsaya. Da naira ta zauna daram, burodin nan da cinikin ƙarshen mako da Hajiya take rainawa suna iya riƙe reshen, kamar yadda suka riƙe shi kusan shekara goma.

Hajiya Rabi: Injiniya, ban raina ba, abin da na gani na faɗa. Amma maganar 'yata Zainab ta tsaya mini a rai, domin ni ma ban cika duba gindin gwangwani ba idan maigida ya kawo katan. Alhaji, ku a Singer me ya hana ku ba da rasit ga mai sayen ɗai-ɗai?

Alhaji Ɗanlami: Hajiya, babu abin da ya hana sai sabo. Mai sari muna rubuta masa takarda mai ɗauke da sunan shago da lambar waya, domin kayansa suna da yawa kuma mota za ta ɗauka. Mai katan ɗaya ne ba ma damuwa da shi, shi ma ba ya tambaya. Ni dai daga gobe in sha Allahu zan ce wa yaran shagona duk wanda ya sayi madara ko abincin jarirai, ko gwangwani ɗaya ne, a nuna masa kwanan watan a gabansa sannan a rubuta masa takarda. Zan kuma kai maganar taron 'yan layinmu, ko da yake na san akwai waɗanda za su ce ina neman ƙara musu aiki.