Tikitin jirgi mai rahusa zuwa Tamale

Masu yawan zuwa birnin Tamale na arewacin Ghana da muka zanta da su, bakinsu ya zo ɗaya: a sayi tikiti tun da wuri. Africa World Airlines da PassionAir ne ke jigila daga Accra, jiragensu ƙanana ne, kujerun rahusa ba sa daɗewa. A duba farashin kowanne kafin a biya. Gab da Sallah da Kirsimeti kuɗi kan haura.

Gargaɗin da ya fi shiga raina shi ne na hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akan ɗage tashi, don haka mai kama wani jirgi a Accra ya bar ratar kwana ɗaya. A kuma auna jaka tun a gida, domin kuɗin ƙarin kilo kan cinye rahusar.