Hotona yana shafi guda, bayaninsa yana wani shafin: don Allah ina mafita a Word?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin kan Word ku taimaka min. Kundin kammala digiri nake rubutawa a kan sana'ar rini a marinar Ƙofar Mata, kuma babi na huɗu kusan duk hotuna ne: karofi, ganyen baba, masu bugu a bakin aikinsu. A ƙarƙashin kowane hoto na buga lamba da bayani da hannuna, Hoto na 1, Hoto na 2, haka dai. Malamin da ke duba aikin ya ce in ƙara sakin layi biyu a farkon babin. Ina ƙarawa komai ya wargaje. Hoton karofi ya tsaya a ƙasan shafi na 52, bayaninsa ya tsallaka saman 53, har ya zama kamar hoton masu bugu yake bayani. Wani hoton kuma ya hau kan rubutu ya rufe layi uku. In na danna Enter na gyara nan, sai can gaba ya ɓaci. Ranar Laraba zan kai aikin, wallahi hankalina a tashe yake.

Malam Mai Shago:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata, kundinki bai lalace ba. Buga wa ɗalibai kundi ita ce sana'ata, kuma duk lokacin miƙa aiki sai an kawo min irin wannan.

Da farko ki bar Enter. Ki danna Ctrl da Shift da 8 tare, za ki ga alamar ¶ a duk inda kika taɓa danna shi. Waɗanda suke tsaye su kaɗai a layi, ki goge su kaf, musamman wanda ya shiga tsakanin hoto da bayaninsa.

Sannan ki taɓa hoton, ki shiga "Wrap Text" ki zaɓi "In Line with Text". Wanda ya hau kan rubutu, yawo yake yi a saman shafi, shi ya sa. Da zarar kin mayar da shi cikin layi, Word zai ɗauke shi tamkar ƙaton harafi guda, rubutu na matsawa shi ma zai matsa.

Babban maganin shi ne wannan: ki ajiye alamar rubutu daf da hoton, ki buɗe akwatin "Paragraph", ki shiga "Line and Page Breaks", ki yi alama a "Keep with next". Kin gaya wa Word ke nan kada ya raba wannan layin da mai bi masa. Ki lura, a layin hoton za ki sa, domin shi ne a sama. Da yawa suna sawa a kan bayanin, su dawo su ce min bai yi ba. A jadawali kuwa, tunda a sama ake rubuta bayaninsa, bayanin ake sa wa.

Lambobin nan da kika buga da hannu ma ki rabu da su. A "References" akwai "Insert Caption", ki ƙirƙiri lakabin "Hoto na" a ciki. Ko malaminki ya sa ki cusa sabon hoto a tsakiya, lambobin za su jeru da kansu. In kin goge wani ko kin canza masa wuri, Ctrl da A, sannan F9. Jerin hotuna na farkon kundi ma daga nan zai fito, ba sai kin bi shafi-shafi kina kwafa ba.

Anti Zee:
Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara, in kina son hoto biyu gefe da gefe, misali yadi kafin rini da bayan rini, tebur za ki yi mai gida biyu. Kowane gida ki sa hoto, bayaninsa a ƙasansa cikin gidan. Ki shiga "Table Properties" ki cire alamar "Allow row to break across pages", sai ki ɓoye layukan teburin. Haka na yi a nawa kundin, ko motsi ba su yi ba.

Ɗan Zangon:
Ni kam Malam, ba sai a zaɓi hoton da bayanin a yi musu "Group" ba? Ai ya fi sauri.

Malam Mai Shago:
Ya fi sauri ɗan uwa, kuma a takardar talla mai shafi ɗaya ni ma shi nake yi. A kundi ban yarda da shi ba. Kafin ka haɗa su sai hoton ya zama mai yawo, bayanin kuma ya shiga akwatin rubutu. Hoto mai yawo ɗaure yake da wani sakin layi, za ka ga wata alama mai kama da ƙugiya a gefensa. Sakin layin ya koma wani shafi, hoton ya bi shi. Ka zaɓe shi duka ka goge, hoton ya tafi tare da shi. Kuma Ctrl da A ba ya shiga cikin akwatin rubutu, don haka F9 zai bar wannan lambar yadda take.

Maman Hanif:
Alhamdu lillahi! Malam Allah ya saka da alheri, Anti na gode. Alamar ¶ ɗin nan na same su jere reras a ƙasan shafi na 52. Yanzu kowane hoto yana tare da bayaninsa. Sai dai hoton karofi ya koma shafi na gaba gaba ɗaya, ya bar kusan rabin shafi fari fes. Malamina ba zai so ganin haka ba.

Malam Mai Shago:
Amin. Wurin da ya rage ne bai ishe shi ba. Ki yanko sakin layin da ke bayan hoton ki dawo da shi gabansa ya cike gurbin, ko ki ɗan rage girman hoton ta kusurwa don kada ya moƙaɗe. Amma ki bari sai malaminki ya gama gyare-gyarensa, in ba haka ba aiki biyu za ki yi. Ki tabbatar takardar tana kan A4. Ranar da za ki kai bugawa ki mayar da shi PDF tun daga gida, domin kwamfutar shago in ba ta da irin haruffan da kika yi amfani da su, za ta musanya da wasu, shafukan su sake motsawa.